Aiken Gishiri a Ras Al Khor

Tun ina budurwa a gidanmu na Kano ba a taɓa ture girkina gefe ba. Ba yabon kai ba ne, maƙwabta har yara suke turowa su leƙo abin da nake sawa a miya. Da maigidana ya samu aiki a wani ofishin kago, masu tura kaya gida, a Dubai ya ɗauko ni, ban daɗe ina zaman kallon bango a fulat ba na fara dafa wa 'yan kasuwarmu abinci. Mutum ya sauka daga jirgi ya yi ta fama da biriyani safe da rana, sai ga tuwon shinkafa da miyar kuka a cikin kula, ai har iyayena yake sa wa albarka. Da haka na yi suna daga Deira har Ras Al Khor, kuma ina ji da sunan nan ba kaɗan ba. Sai ku auna halin da na shiga ranar da aka roƙe ni in dafa abinci marar daɗi da gangan.

Wanda ya roƙe nin wani dattijo ne da maigidana ya shigo da shi wata Lahadi bayan la'asar. Dogo ne siriri, ɗan Zangon Kumasi, yana gadin wani sito a Al Quoz, yana kwana a Sonapur cikin leburori, gado a kan gado. Kowa Baba yake ce masa, har Alhazan da suka kusa sa'anninsa. Ya zauna a bakin kujera, ya sha shayi, ya yaba shayin, ya yaba labulena, sannan ya zo kan abin da ya kawo shi.

"'Yata, an ce kin iya shinkafa da wake."

"Baba, garau-garau ai ba abin iyawa ba ne. Na mutum nawa?"

"Babbar tukunya. Amma kada ki sa gishiri."

Na ce to, a raina ina cewa masu hawan jini ne za su yi taro. Na ce sai in ɗan ƙara magi ke nan.

"Ba magi."

"Yaji fa?"

"A yaji akwai gishiri. Mai da albasa kawai."

Na juya na kalli maigidana ya cece ni, shi kuwa ya duƙufa yana nazarin rimot ɗin esi kamar ranar ya fara ganinsa. Na ce, "Baba, wa na yi wa laifi a garin nan?" Ya yi dariya har shayin ya ɗiga masa a wando. Da ya gama dariyar ya ajiye kofin a ƙasa, ya ba ni labari.

Shekaru sama da ashirin da suka wuce, shi da ƙanensa sun tsallaka sahara zuwa wata ƙasar Larabawa da ke bakin teku, neman aikin gini. Ba ya kiran sunan ƙasar, "can" kawai yake cewa, duk waɗanda suka zauna a cikinta ma haka suke cewa, ni ma ba zan kira ba. Baƙaƙen fata sun taru a wata unguwa a gefen gari, 'yan Gana da 'yan Nijar da 'yan Najeriya da 'yan Chadi, kowa da ɗan ɗakin da ya haɗa da bulo da langa-langa. Wata Juma'a da ba aiki ƙanen ya ɗora shinkafa da wake, ya buɗe gwangwanin gishiri ya ga wayam.

"Shi ne ƙarami, shi ya kamata ya je shago," in ji Baba. "Amma yaron nan bai yarda da ni a gaban tukunya ba. Ya ce in ya bar ni zan ƙona masa abinci. Ni ya aika, kamar shi ne yaya. Na ce masa in na dawo sai na ja masa kunne."

Yana cikin shagon, mai shagon, wani tsohon Balarabe, yana auna masa gishiri, suka ji hayaniya. Mutanen gari ne suka fito da sanduna da wuƙaƙe da galan-galan na fetur, suna neman duk wani baƙar fata. Ba su tambayi ƙasarka ba, ba su tambayi addininka ba, launin jikinka ya ishe su. Tsohon ya jawo ƙofar shagonsa ya rufe, ya tura Baba bayan buhunan fulawa, ya zauna a kan ɗaya yana jan carbi. Sai washegari ya yarda ya bar shi ya fita. Gishirin ma a kan ma'auni aka bar shi.

Unguwar ta ƙone. Ɗakinsu ba rufi, ba katifa, ba ƙanensa. Amma a kusurwar da suke girki ga tukunya nan an sauke ta daga kan risho, an rufe, har an ɗora rabin bulo a kan murfin saboda maguna. Yaron ya ji hayaniya, ya tsaya ya sauke girkinsa kada ya ƙone, sannan ya gudu. Inda ya nufa da abin da ya same shi a hanya, har yau ba wanda ya sani. Waɗanda suka ɓuya suka riƙa fitowa ɗai-ɗai, ba wanda ya sa komai a cikinsa tun jiya. Suka zauna a cikin toka suka cinye tukunyar da hannu, ta ɗan fara tsami, kuma ba gishiri.

"Shi muke ci duk shekara," in ji Baba. "Mai dafa mana ya koma gida. Shi ya sa na zo."

Na tashi kamar zan ƙaro shayi, na tsaya a kicin na goge idona, don tausayi ya kama ni ƙwarai. Amma ina goge idon ina tunanin abin da Alhazan Kano za su ce idan suka ji garau-garauna lami. Duk da haka na fito na ce masa Allah ya kai mu.

A bayan siton wani Alhaji ake taron, a Ras Al Khor, inda ake tara tsofaffin injina da rabin motoci kafin a loda su a kwantena zuwa gida. Alhajin nan mutumin Kano ne, mai jiki, mai murya, bai taɓa zuwa "can" ba, amma yayansa ya je ya dawo da ɗingishi bai ƙara yawan magana ba har ya rasu. Shi ya sa yake ba da filinsa. Sai dai tsoron kada hukuma ta ci shi tara ya hana shi sakat, ina kunna gas zai jawo jar kwalbar kashe gobara ya girke ta a gefen ƙafata, ya ce, "Hajiya, shuwayya shuwayya, a hankali da wutar nan, nan ba Kurna ba ce." Da farko 'yan tsiraru ne suke yin abin a ɗakin Baba, waɗanda rayuwa ta watsa ta sake haɗa su a Dubai. Daga baya aka buɗe wa duk mai jin Hausa. Lokacin da na shiga, waɗanda suka ga abin da idonsu saura biyu, Baba da wani direban tirela ɗan Damagaram wanda ba ya magana sai ta kama dole.

Tsarin ba wuya. Bayan azahar a shimfiɗa tabarmi a inuwar kwantena, tsakanin injina masu warin baƙin mai. Ni ina gefe da tukunyata. Da ruwan shinkafa ya fara tsotsewa sai Baba ya miƙe, ya kakkaɓe wandonsa, ya ce, "Bari in sayo gishiri," ya fice ta get. Yana fita sai in sauke tukunya, in rufe, in ɗora rabin bulo a kan murfin, in zagaya bayan kwantena in ɓuya. Ba a son kowa kusa da tukunyar. Baba ya je kwanar titi ya juyo hannu rabbana, ya tarar da ita ita kaɗai, ya ɗauke bulon ya buɗe. Direban ya ambaci waɗanda aka rasa, iya waɗanda suke tunawa, ƙanen Baba a ƙarshe. A yi musu addu'a, a yi wa tsohon mai shago, don Baba ba ya yarda a shafa ba a sa shi ba. Daga nan a zuba a manyan tire a ci da hannu.

Abincin nan, in faɗa muku gaskiya, ba ya ciyuwa. Loma ta farko kana tuna mamata, ta biyu kana tuna gishiri. Na wanke shinkafar da kyau, waken ya nuna luguf, albasar ta soyu ta yi ja, amma duk a banza, kamar kana tauna auduga. Shekarar farko ina leƙowa daga bayan kwantena ina jiran a fara ture tire, sai na ga ana ta ci. Har na fara jin daɗi, ina cewa ashe hannuna ko ba gishiri hannu ne. Da na ƙara buɗe ido na gane inda maganar take.

Wani saurayi mai aikin wankin mota ya sunkuya kamar zai sosa ƙafa, ya zaro 'yar takardar gishiri daga safarsa, irin wadda ake sakowa cikin ledar soyayyar kaza. Na kusa da shi ya yi tari sau biyu, ya fito da kwalbar magani, ya karkata ta a kan gefensa na tiren, abin da ya zubo kuwa ja ne. Shi kuma Alhaji mai sito, wanda likita ya hana gishiri kuma matarsa take tsare dokar kamar soja, sai ya cire hula ya ce zafi, ya sosa kai, ya mayar da hular, hannun da ya yi susar ya bi ta kan shinkafa yana murza yatsu. A cikin shafin hular yake ɓoyewa. Duk shekara a gida yana haƙuri da lami, amma ranar da aka hana kowa ita ce ranar da ransa ya fi biyawa. Gefensa na tire ne yake fara ƙarewa. Baba yana zaune a tsakiyarsu yana cin nasa a hankali, idonsa a kan tire, bai taɓa ɗagowa ba.

Raina ya kasu biyu. Na ji haushi an ha'inci dattijo, na kuma ji sanyi ba a mayar min da abinci ba. Ban tona kowa ba. Ladan da na samu shi ne suna, don daga ranar Alhaji in ya kira yana son masa sai ya ce, "Hajiya mai lami, ta yau da gishiri ce ko irin ta Baba?" Nakan ce masa ta yau irin ta likita ce, ya zo da hularsa.

Haka muka yi shekaru, kowace shekara tabarmi suna raguwa. Yaranmu na Al Quoz da Sonapur hutun yini ɗaya gare su a mako, a ciki za su yi wanki, su yi aski, su kira gida, su rama barci. Wanda aka haifa bayan abin ya faru, ka ce masa ya hau bas biyu cikin zafin nan ya zo cin lami, sai ya ce inshallah, kai ma ka san irin wannan inshallah ɗin. Sai ga shekarar da kamfanin Baba suka ce ba za su sabunta masa biza ba, shekarunsa sun ja. Taron da ke tafe shi ne na ƙarshe da zai gani.

Alhaji ya kira maigidana a waya, ya buɗe murya yadda har ni da ke kicin ba sai an maimaita min ba. "Habibi, mu faɗa wa juna gaskiya. Baba yana tafiya abin nan ya mutu. Baɗi mu kama hol a Deira, esi, kujeru, a yi odar shinkafar mandi da rago, a kira malami ya yi jawabi. Za ka ga yara sun cika wuri. Khalas, shi ke nan." Ba da mugun nufi ya faɗa ba, shi ma so yake kada a manta da yayansa. Amma Alhaji ba ya iya shawara a asirce, kafin mako ya zagayo maganar mandi ta isa Sonapur.

Baba ya zo gidanmu da 'yar ledar dabino wai ta sallama. Ya zauna a bakin kujerar nan dai, maigidana yana gefe. Bai yaba labule ba wannan karon.

"'Yata, ke kike ganin kowa daga bayan kwantena. Idan na tafi, za su zo?"

Na so in ce inshallah, amma na san zai gane irinta. Na ce, "Baba, yaran nan suna ganin girmanka, don kai suke zuwa. Abincin kuwa ba ya ciyuwa. Ni na dafa, ni na faɗa."

Maigidana ya taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur. Har yau ban ga laifina ba, tambayata aka yi. Baba ya gyaɗa kai ya daɗe yana juya kofinsa.

"Ƙanena ba shi da kabari," ya ce. "Hotonsa ma ya ƙone. In aka daina tukunyar nan, ba inda ya rage masa."

Ya tashi ya ce medase, wato na gode da yarensu na can Kumasi, maigidana ya raka shi tashar bas.

Ranar taron an cika fiye da kullum, don kowa ya ji Baba zai tafi. Har tabarmi suka kasa, wasu suka zauna a kan tayoyi. Zafi kuwa irin mai ɗanshin nan ne da riga take manne wa mutum, dogayen benayen cikin gari ma da ƙyar ake hango su. Alhaji ya girke min jar kwalbarsa, na ɗora tukunya. Da ruwa ya fara tsotsewa Baba ya miƙe, ya kakkaɓe wando, ya ce, "Bari in sayo gishiri," ya fita. Na sauke, na rufe, na ɗora bulo, na zagaya maɓoyata.

Muka jira. Kwanar titin nan ba nisa, kullum kafin gumi ya gangaro min daga goshi zuwa haɓa ya dawo. Ranar gumi ya gangaro ya sake gangarowa ba Baba. Hira ta mutu. Direban ɗan Damagaram ya tashi ya je bakin get ya tsaya, hannayensa a baya, kuma a tsayuwar tasa na gane wannan ba shi ne karo na farko da ya jira wanda ya fita bai dawo ba. Tsoro ya kama ni, na ce ko zafi ne ya kayar da dattijon a hanya. Alhaji ya laluba makullin motarsa yana cewa yalla, maza a bi shi.

Sai ga shi ya shigo, rigarsa sharkaf, da shuɗiyar leda a hannu. Ashe har bakalar ɗan Kerala ya taka, kantin kayan masarufin da ke can bayan garejin manyan motoci. Bai je wurin tukunya ba. Ya tsaya a tsakiyar fili ya ce, "'Yata, fito."

Na fito. Ya zaro ledar gishiri sabuwa fil ya miƙo min da hannu biyu.

"Yaro ya aike ni, na daɗe. Ga shi na kawo." Ya juya ga jama'a. "Daga yau a sa gishiri. A sa magi, a sa yaji, in kuna son rago a sa rago. Ku ci da daɗi, ni dai ku taru ku ambace shi." Ya sake kallona. "Zuba."

Ba wanda ya motsa. Na tsaya da leda a hannu, na san abin da dattijon nan ya sayar kafin ya sayo ta. Da na buɗe baki, abin da ya fito ba ta'aziyya ba ce, maganar mai girki ce, don ita na iya.

"Baba, an riga an sauke. Gishiri ba ya shiga shinkafa bayan an sauke, a sama zai tsaya, wani ya ci da yawa wani bai samu ba. Ka makara."

Na ji maigidana ya ja numfashi daga inda yake. Baba ya zuba min ido. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, ko da yake hawayen ma suna nan suna bin gemunsa.

"Haka zai ce," in ji shi. "Wallahi haka yaron nan zai ce min."

Ya zauna a kan wani inji yana dariya yana share fuska da hannun riga. Ni kuma na rasa inda zan sa gishirin, na ajiye shi a kan tabarma a gaban kowa.

Alhaji ne ya fara. Ya yi gyaran murya, ya cire hula, bai ce zafi ba, ya zazzage shafinta a gefen ledar. 'Yan takardun gishiri suka zubo. Mai wankin mota ya sunkuya ya zaro nasa daga safa. Kwalbar maganin tari ta fito. Wani ma da ban taɓa zargi ba, mai limancin sallar azahar ɗinmu, ya ciro dunƙulen magi daga aljihun gaba ya ajiye yana kallon sama. Kafin a gama an tara abin da zai ishe ni girkin biki.

Baba ya leƙa tarin daga inda yake zaune. "Alhaji, saura na aljihun hagu."

Alhaji ya sa hannu a aljihun hagu ya fito da ƙullin yaji. Aka kwashe da dariya har Fakistanawan da ke siton maƙwabta suka leƙo ta katanga.

"Ashe kana gani, Baba?"

"Ni mai gadi ne, Alhaji. Aikina ke nan."

Direban ya ambaci sunaye, muryarsa tana karyewa a kan na ƙarshe. Aka yi addu'a, aka sa da tsohon mai shago. Baba ya ɗauke bulo ya buɗe tukunya. Ranar ce aka fara cin garau-garauna yadda na dafa shi, ba wanda ya taɓa tarin gishirin, kuma na ga fuskoki irin waɗanda ban fatan in sake gani a kan abincina. Alhaji yana haɗiya yana lumshe ido kamar mai shan maganin zazzaɓi. Amma aka cinye, har ƙanzo aka kankare. Da za a watse Alhaji ya ɗauki ledar gishirin ya kai ofishinsa ya ɗora a kan kanta, bai ce komai a kan hol ɗin Deira ba, ba wanda kuma ya tambaye shi.

Baba ya tafi bayan 'yan makonni. Da shekara ta zagayo ni ban sa rai ba, don alkawarin ranar sallama kowa ya iya shi. Sai ga wayar Alhaji.

"Hajiya mai lami, Lahadi mai zuwa. Irin ta Baba."

Ba a cika kamar ranar sallama ba, tayoyi ba su samu masu zama ba. Amma tabarmi sun cika, har da yaran da ban taɓa gani ba, waɗanda mai wankin mota ya jawo daga ɗakinsu. A bakin get direban ɗan Damagaram ya tsaya yana karɓar hular kowa yana dubawa, ta Alhaji sau biyu ya duba. Aka kira Baba a bidiyo, ga shi zaune a kan benci a ƙofar gidansu na Zango, ruwan sama yana dukan kwano a bayansa. Aka rasa abin da za a jingina wayar da shi don ya ga tukunya. Alhaji ya shiga ofis ya ɗauko ledar gishirin nan, ɗanshin Dubai ya mayar da ita dutse, aka jingina wayar a jikinta ta zauna daram.

Ruwan shinkafa ya fara tsotsewa, aka shiga kallon juna, don ba a yi shawarar wanda zai fita ba. Direban ya girgiza kai, ya ce shi nasa ambaton sunaye ne. Alhaji ya dafa kafaɗar na kusa da shi ya miƙe da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya kakkaɓe jallabiyarsa, ya ce, "Bari in sayo gishiri," da wata ƙaramar murya da ban san yana da ita ba. Na sauke, na rufe, na ɗora bulo. Ban ko gama zagayawa bayan kwantena ba sai ga shi ya dawo yana haki, hannu rabbana.

Muryar Baba ta fito daga wayar, tana yankewa tana dawowa.

"Alhaji, ko kwanar titi ba ka kai ba. Ina ganin inuwarka a bakin get. Koma."

Alhaji ya kalli wayar, ya kalli rana, ya gyara hularsa ya sake fita. Ni kuma na koma bayan kwantena, na bar tukunyar ita kaɗai.